Abin da ya rusa kubbar Ayasofiya ta farko

Sarki Jastiniyan na daular Rumawa ta Gabas ne ya sa aka gina cocin Ayasofiya a Istanbul ta yau, daga 532 zuwa 537. Gaggawar ta yi yawa. Magina sun zuba kwaɓi mai kauri tsakanin tubala, suka yi ta ɗora nauyi tun bai bushe ba, har ginshiƙai suka karkata waje. Kubbar kuma, mai faɗin kusan mita 31, ba ta da isasshen tudu, sai ta riƙa tura bango gefe maimakon sauke nauyinta ƙasa. Girgizar ƙasa ta 557 ta tsattsaga ta, ta rufta a 558. Wani masanin gine-gine, Isidor Ƙarami, ya sake gina ta, ya ƙara mata tudun kimanin mita 6, aka kammala a 562.