Yau na riga iska zuwa daji

Asabar, 18 ga Oktoba

Tun daren jiya na ƙudurta cewa yau ba zaman ɗaki, sai na je na ga ganyen itatuwa da suka sauya launi kafin su zube. Bara na yi ta cewa sai gobe, sai jibi, har iska ta zo dare ɗaya ta kakkaɓe itatuwan tas, na wayi gari ba komai sai rassa tsirara. Abin ya daɗe yana ci mini rai. Don haka hantsi na yi na zura rigar sanyi, na nufi dajin da ke bayan tafki.

Ban ma ƙarasa ba na ja na tsaya. Gangaren da na saba gani kore shar duk lokacin zafi, yau kamar an cinna masa wuta. Ja a nan, rawaya a can, ruwan goro ya ratsa tsakani, ga kuma hotonsu duka kwance a kan ruwan tafkin, ko motsi ba ya yi. Subhanallahi. Na fi minti goma a wurin ban ce uffan ba.

A ƙarƙashin wata bishiyar mapul na tsinci ganye guda, irin wanda ke jikin tutar Kanada tun 1965. Bakinsa jawur, cikinsa ruwan goro, amma jijiyoyinsa da sauran kore, kamar bai gama yanke shawara ba. Da na ɗaga shi saitin rana sai ya haska tamkar gilashi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, rawayar nan ba baƙuwa ba ce. Tana cikin ganyen tun yana ɗanye, koren sinadarin kulorofil ne ya danne ta. Idan dare ya fara fin yini tsawo, wato bayan 22 ko 23 ga Satumba, sai bishiya ta daina ƙera kulorofil, ta warware wanda ya rage, ta janye abin amfanin da ke ciki zuwa rassa da gangar jikinta, ta adana saboda hunturu. Kore na ja da baya, rawaya ta fito fili. Ja kuwa labarinsa daban ne. Shi sabo ake haɗa shi a ƙarshen rayuwar ganye, daga sukarin da ya maƙale a ciki, kuma ya fi kyau idan ana samun rana da yini, da dare kuma sanyi wanda bai kai ga daskarar da ruwa ba. Haka kuwa aka yi duk makon nan. Sai da na zagaya bishiyar don in gani da idona: ɓangaren da ke shan rana ya yi ja sosai, na cikin inuwa kuwa rawaya ne fayau.

Na ɗauki hotuna kusan talatin, babu wanda ya kama ko rabin abin. Na mayar da wayar aljihu, na ci gaba da tafiya ina sauraron busassun ganye suna ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmina, ga ƙamshin damshin ƙasa.

A hanyar dawowa na biya ta wurin bishiyar ginko, mai ganye kamar ƙaramin mafici. Ta yi rawaya daga sama har ƙasa, ko ɗaya bai faɗi ba tukuna. Ita halinta ke nan, sanyi mai ƙarfi na bugunta sai ta zubar da kusan duka cikin kwana ɗaya ko biyu.

Ganyen mapul ɗin yana cikin littafi yanzu, na ɗora masa wasu biyu masu nauyi. Masu hasashen yanayi sun ce akwai ruwa da iska ranar Talata. Gobe da sassafe zan koma wurin ginko.