Albarkar Shehu a hanyar Mora zuwa Kusiri: abin da muridi zai riƙe kafin ya hau mota

A tashar Marwa, a arewacin Kamaru, da sassafe, duba gilashin motocin da za su yi arewa. Da wuya ka rasa hoton Shehu Ibrahim Inyass manne a gaban direba, carbi na reto a jikin madubi. Wanda ya san hanyar ba zai yi mamaki ba. Daga Marwa zuwa Kusiri wajen kilomita 260 ne, kuma da an wuce Mora an doshi Waza da Dabanga, daji ne hagu da dama, iyakar Najeriya ba nisa. Da can zargina ake tsoro, masu tare hanya. Daga 2013, shekarar da aka sace Faransawa bakwai kusa da Dabanga, tsoron ya koma na Boko Haram.

Albarkar shehu gaskiya ce, amma ba a hoto take ba. Abin da ya ƙulla muridi da shehunsa izini ne da wuridi, kuma a nan ne mafi yawan 'yan'uwa suke sakaci.

Tushen maganar hadisi ne ƙudusi da Buhari ya ruwaito, inda Allah ya ce wanda ya yi gaba da waliyyinsa ya shelanta masa yaƙi, kuma idan waliyyin ya nemi tsarinsa zai tsare shi. Mai tsarewa ke nan Allah ne, shehu ƙofa ce. Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya kafa ɗariƙar Tijjaniyya, ya kuma rasu a Fas a 1815, ya yi wa muridansa bushara mai yawa, sai dai ya ɗaure ta da sharuɗɗa: salloli biyar a kan lokaci, biyayya ga iyaye, kada a haɗa wuridinsa da na wata ɗariƙa, kada a bar shi bayan an karɓa. Akwai kuma sharaɗin da aka fi mantawa, wato kada mutum ya amince wa makircin Allah. Wanda ya ce "ni ɗan Shehu ne, ba abin da zai same ni" alhali ya kwana bai yi isha'i ba, da bakinsa ya kwance abin da yake taƙama da shi.

Matafiyi ya fara da lazimi. Istigfari 100, salatin Annabi 100, hailala 100, safe da yamma, a wannan jeri. Na safe lokacinsa daga bayan sallar asuba zuwa hantsi, mai uzuri yana da shi har magariba. Na yamma daga bayan la'asar zuwa isha'i, mai uzuri har ketowar alfijir. Tunda motocin Kusiri sammako suke yi, abin da ya fi shi ne a gabatar da na safe tun cikin dare, bayan isha'i da gwargwadon karatun izu biyar. Kuskuren da ake yi shi ne a fara shi dab da asuba. Idan alfijir ya keto ba ka gama ba, ka idar, amma sai ka sake bayan salla. An yarda matafiyi ya yi lazimi a cikin mota matuƙar yana da alwala, jiki da tufa da mazauni ba najasa. Motar da aka ɗaure awaki a ƙarƙashin kujera sai an duba da kyau. Idan ramin hanya ya sa carbi ya kuɓuce, ƙidaya ta rikice, ka ɗora a kan mafi ƙaranci, ka gama, sannan ka yi istigfari 100 da niyyar gyara. Lazimin da lokacinsa ya wuce gaba ɗaya kuwa bashi ne, sai an rama.

Wazifa, wuridi na biyu, ta fi tsanani a abu guda. Istigfari 30, Salatul Fatihi 50, hailala 100, Jauharatul Kamali 12. Jauhara ba a karanta ta da taimama, ba a karanta ta a kan abin hawa, tana son alwalar ruwa da wuri mai tsarki wanda zai ɗauki mutum shida. Wanda bai samu haka ba ya musanya ta da Salatul Fatihi 20, wazifarsa ta cika.

Bayan wannan sai tahasini, wato addu'o'in neman tsari, kuma mafi ƙarfinsa ba ya buƙatar izinin kowa, domin daga Annabi (SAW) ya zo: Ayatul Kursiyyu, Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi sau uku-uku safe da yamma, "Bismillahil lazi la yadurru ma'asmihi shai'un" har ƙarshenta sau uku, da "A'uzu bi kalimatillahit tammati min sharri ma halaƙa" duk inda aka yada zango. Hizbul Bahri na Shehu Abul Hasan Shazali, wanda masu shiga jirgin ruwa suka daɗe suna riƙe da shi, da Hizbus Saifi, waɗannan sai da izini na musamman daga muƙaddami, wato mai izinin ba da wuridi. Saifi dogo ne, mai nauyi. Saukar da shi a waya a dinga karantawa da wasali a karkace bai kai ayatul kursiyyu ɗaya da aka karanta daidai ba.

To idan abin ya zo, an ji harbi ko kwale-kwale ya fara shan ruwa a tsakiyar kogin Lagon fa? Nan ne gardama take tsakanin 'yan ɗariƙa da 'yan Izala a kan kiran "ya Shehu". A ganina muridi bai rasa komai ba idan ya sa kiransa inda ba mai jayayya: "Hasbunallahu wa ni'imal wakil", "ya Ladifu", sannan ya ce ya Allah, don darajar Annabi, don albarkar Shehu, ka fitar da mu. Tawassuli ke nan, kuma shi malaman ɗariƙa suke karantarwa. Halarto da surar shehu a zuciya yana kwantar da hankali, mai kwanciyar hankali kuwa shi ke jin umarnin direba, ya kwanta a ƙasa lokacin kwanciya, ba ya zabura ya kifar da jirgi da jama'a.

Masu damfara sun gane wannan ƙauna, suna cin kasuwa da ita. Alamarsu ba ta ɓuya. Yana yanka farashi kafin ya tambaye ka ko kana salla. Yana ba ka laya ya ce kada a buɗe, bai gaya maka abin da ke ciki ba. Yana alkawarin maganin bindiga ko layar zana, har ya ce a gwada. Kada a gwada, mutane sun mutu a wajen gwajin nan. Muƙaddamin kirki zai iya lissafa maka silsilarsa, wane ya ba shi izini, daga wane, har zuwa Shehu.

Annabi (SAW) da kansa ya sa sulke biyu ranar Uhudu. A hijira ya ɓuya kwana uku a kogon Saur, ya ɗauki hayar ɗan jagora wanda ya san hanya. Ga mai raƙumi ya ce ya ɗaure shi sannan ya dogara. Kuma a Uhudun nan Sayyidina Hamza ya yi shahada, ba don albarka ta gaza ba, ajali ne ya zo. Saboda haka idan sojoji suka ce a jira rakiya, a jira, ko da za a yini a Mora. Kada a bi dare tsakanin Waza da Dabanga. Makiyayi a yankin Mayo-Rey kada ya sanar da ranar da zai sayar da shanu, don masu garkuwa da mutane a kasuwa suke samun labari. Lokacin da Lagon ya cika a Yagwa ko Kusiri, jirgin da bakinsa ya kusa taɓa ruwa a bar shi ya tafi.

Rubutun sha ma yana son lura, musamman da damina lokacin amai da gudawa. A wanke allon da ruwan da aka tafasa ya huce, a ƙwarya ko kofi mai tsabta, tawadar ta zama ta gargajiya ta ƙaro da gawayi, ba ta biro ko alƙalamin maka ba. Wanda zai tafi da shi a gora ya shanye a ranar, don zafin mota yana sa shi tsami kafin a kai Kusiri.