Yadda na shuka tafasa a buhu a Aboabo

Iyayenmu ba sa shuka tafasa. A arewa, daga Bawku har Katsina, da ruwan farko ya sauka za ka ga ta rufe bakin hanya da tsohon makwancin shanu, mata su fita da kwando su tsinko. A Kumasi ma tana fitowa, amma a ina? Bakin kwata, gefen bola, filin da makanikai ke zubar da baƙin mai, da gefen titin da ake fesa wa maganin ciyawa. Duk wanda ya san halin rafin Aboabo ba zai dafa wa 'ya'yansa ganyen da ya sha wannan ruwa ba. Shi ya sa na ce bari in shuka tawa a tsakar gida.

Irin na same shi wurin wata dattijuwa mai sayar da busasshen ganye da daddawa a kasuwar Asawase. Da ta ƙulla min shi a leda sai ta ce, "'Yata, kada ki zuba shi haka, zai daɗe bai tsiro ba. Ki ji masa ciwo tukuna." Na ce, "To, Hajiya." Gaskiyarta ce. Ƙwayar tafasa ruwan ƙasa ce mai sheƙi, ɓawonta da tauri har ruwa ba ya ratsa shi da wuri, abin da ya sa take shekaru a cikin ƙasa ba ta mutu ba. Na bar wasu don gwaji, sauran kuwa na goga kowace ƙwaya kaɗan a kan dutsen niƙa, na jiƙa su suka kwana, da safe sun kumbura. Waɗanda na goga suka tsiro kusan tare, waɗanda na bari don gwaji kuwa suka riƙa fitowa ɗai-ɗai.

Buhun shinkafa na cika da ƙasa da takin tumaki, na huda ƙasansa saboda ruwan Kumasi ba na wasa ba ne. Buhu ya fi roba mai faɗi, domin saiwarta miƙewa take yi ƙasa. Rana take so sosai. Buhun da ke jikin katanga, inda inuwa ke daɗewa, ya ba ni dogayen karare sirara da ganye kaɗan.

Inda nake so mai karatu ya natsu shi ne wajen bambanta ta da rai-ɗore, domin 'yan'uwa ne, furensu duka rawaya, kuma sukan fito wuri ɗaya. Yaron maƙwabciyata ya taɓa ciro min rai-ɗore da murnarsa, wai ya samo min tafasa. Na zaunar da shi muka ƙirga. Kowane reshen ganyen tafasa 'yan ganye shida ne, biyu-biyu suna fuskantar juna, bakinsu a zagaye, na ƙarshen sun fi faɗi. Na rai-ɗore sun fi haka yawa, bakinsu da tsini, kuma in ka murza warinsa ya fi ƙarfi. Kwanson tafasa siriri ne, dogo, a lanƙwashe kamar lauje, yakan kai santimita 20. Na rai-ɗore ya fi faɗi, a daddanne yake. Da magariba kuma ganyen tafasa kan naɗe, ya buɗe da safe. Yara sun fi son wannan.

Masana suna kiranta Senna obtusifolia, sunan da aka tabbatar mata a 1982, kuma asalinta ƙasashe masu zafi na nahiyar Amurka ne. Dangin wake da gyaɗa ce, amma da na tuge ɗaya na duba saiwar ban ga ƙulle-ƙullen nan da ke jikin saiwar gyaɗa ba. Ba ta ƙara wa ƙasa ƙarfi kamar su, don haka buhun na buƙatar sabon taki kafin a sake shuka. Da yake damina biyu muke yi a nan, daga Maris zuwa Yuli, sannan Satumba zuwa Nuwamba, ana iya shukawa sau biyu a shekara.

Toho nake tsinka, kafin ta yi fure. Yawan tsinka shi ke sa ta yi rassa. Tsohon ganye yana da ɗaci kuma yana sakin ciki. Nakan dafa, in zubar da ruwan, in matse, in kwaɗa da ƙuli-ƙuli da albasa da barkono da ɗan man gyaɗa. A nan zango miyar ayoyo ta saba raka tuwo, amma ranar da na yi miyar tafasa, surukata ta ce, "Kai, rabona da wannan tun ina yarinya." A Sudan da Chadi har daka ganyen suke yi su rufe a tukunyar ƙasa ya ruɓa, su busar, su sa a miya a madadin nama, kawal suke ce masa.

Busarwa ce ta fi ba ni wahala. Da damina iskar Kumasi a jiƙe take, ganye kan yi funfuna kafin ya bushe. Wanda zan ajiye sai na ƙarshen Nuwamba, in shanya a inuwa lokacin da hunturu ya fara kaɗawa.

Nakan bar 'yan karare su yi kwanso don iri, in cire da zarar sun yi ruwan ƙasa, kafin su fashe su watse. Ɗanyen irin guba ne ga kaji da awaki in suka ci da yawa, duk da cewa a Sin da Koriya soya shi ake yi a sha kamar shayi. Nawa a kwalba mai murfi yake, can saman kanta inda yara da kaji ba sa kaiwa, kuma maƙwabta da ke so nakan ɗiba musu idan watan Maris ya kusa.