Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Tsakanin Gwanzu da Kano

Makon jiya na tsaya a inda Alhaji ya fara aikena Chana saro leshi da atamfa. Shekarun da suka biyo baya babu abin faɗa, sai dai zirga-zirga tsakanin Kantin Kwari da Gwanzu. Abin da ke cina yau shi ne tafiyar da na yi lokacin rasuwar Inna.

Ina cikin wata kasuwa a unguwar Xiaobei da ke birnin Gwanzu, wajen sha biyu da rabi na rana, Yaya ya kira. Su a Kano asuba ce, don Chana ta riga mu da awa 7. Ya ce, "Sai haƙuri, Inna lokaci ya yi." Kafin in kai masauki an yi mata wanka. Ƙarfe biyar na yammacin can, ina riƙe da fasfo ina neman tikiti, a gida an ɗauke ta zuwa makwancinta.

Wannan ne Kawu bai taɓa yarda ya gane ba. Har yau in an taru sai ya ce, "Zumunta a ƙafa take." Wace ƙafa, Kawu? Daga Gwanzu zuwa Adis Ababa kusan kilomita 8,000 ne, sama da awa 10 a sararin sama. Daga nan zuwa Kano wasu fiye da 3,000, ban da zaman jira a filin jirgin Bole na Adis Ababa.

Da dare muka tashi. A bayan kujerar gabana akwai ɗan allo mai taswira, da hoton ƙaramin jirgi yana rarrafe kamar tururuwa. Na zuba masa ido ya ratsa Indiya, ya faɗa kan teku, shuɗi kawai, ba tudu ba gari. Da yake yamma muka nufa, dare ya yi ta binmu, ya ƙi ƙarewa. Aka kawo abinci na kasa buɗewa. Carbina kaɗai nake ja, ina tuna yadda Inna ke ɗaure min kilishi a leda duk tafiya, tana cewa, "Ɗan nan, ka ci na gida."

Shi Kawun da ke maganar ƙafa, sau nawa ya taka daga gidansa zuwa asibiti lokacin jinyarta? Kuɗin maganin nan daga wannan nisan da yake zagi suka fito. Ban taɓa faɗa masa ba, albarkacin furfura. Shi ne ma mai alfahari da cewa kakanmu ya tafi Makka a ƙasa ta Sudan, ya yi shekaru ba a ji ɗuriyarsa ba, kuma babu wanda ya ce ya yanke zumunta.

Ranar sadakar uku na sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano. Na tarar da tabarmi a ƙofar gida, mutane na ta shigowa gaisuwa. Na durƙusa gaban Kawu, ya dube ni ya ce, "Sai yanzu?"

Mako mai zuwa zan kawo maganar rabon gado, in Allah ya kai mu.