Godiya bayan wata bakwai da tsinkewar agarata

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan uwa da abokan arziki.

Alhamdu lillahi, jiya Laraba likitan gashin ƙashi ya sa na tsaya a kan ƙafar hagu ita kaɗai, na yi ɗage sau ashirin ba tare da na dafa bango ba, sannan ya ce daga mako mai zuwa zan iya fara sassarfa kaɗan-kaɗan. Wata bakwai da kwana biyu ke nan ina jiran wannan magana, kuma da na ji ta sai na rasa ƙarfin da zan yi murna, na fito na zauna a kan bencin baranda na daɗe ina hamdala. Yawancinku kun bi jinyar nan tun daga farko ta WhatsApp da Facebook, saboda haka ba zan maimaita abin da kuka sani ba. Na gaji, iyalina ma sun gaji, amma akwai bashin godiya a wuyana wanda ba na so in ƙara kwana da shi.

Abin da ban taɓa ba kowa labarinsa dalla-dalla ba shi ne mintunan farko. Ranar Asabar ce, 11 ga Janairu, hunturu ya kankama, hazo ya rufe garin Bauchi har ba a ganin fitilar mashin sai ya matso. Na idar da sallar asuba na fita gudun motsa jiki na bi hanyar Dass kamar kullum, da na zo Gwallameji sai na ratse cikin unguwa ta wani layi marar kwalta domin in kauce wa ƙurar manyan motoci. Akwai wani ɗan kwalbati da na saba tsallakewa ba tare da ko dubawa ba. Ina dira sai na ji ƙara, tas, kamar igiyar guga ta tsinke, tare da wani duka a bayan ƙafata kamar an maka mini gora. Na faɗi ina waiwaye, domin na tabbata a raina cewa wani ne ya biyo ni saboda wayar da ke aljihuna, amma babu kowa a layin. Na yunƙura zan miƙe, ƙafar ta ƙi tura ƙasa, sai ka ce na taka rami. Da na kai hannu saman dunduniya, inda ya kamata in ji jijiyar agara a miƙe kamar tsirkiya, sai yatsana ya nutse cikin wani gurbi. Wayar kuwa ta fashe a ƙarƙashina. A nan ne tsoro ya shige ni, na tuna mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, da shekarun da ya yi ba ya takawa, na tuna yara huɗu da na baro suna barci, na kama salati jikina yana rawa.

Ina cikin wannan hali na ji ƙarar tayar kura da karon jarkoki. Wani saurayi ne mai sayar da ruwa, ya naɗe fuskarsa da rawani saboda sanyi. Kusan shekara uku muna haɗuwa da shi a wannan layi kowace safiya, ni ina gudu shi yana turi, kuma abin da ya taɓa haɗa mu bai wuce ɗaga hannu ba. Ya tsaya ya ce, "Subhanallahi, Alhaji, kai ne?" Na roƙe shi ya ja mini ƙafar, don ina fatan targaɗe ne. Ya durƙusa ya duba, ya girgiza kai, ya ce ba zai ja abin da bai san yadda ya lalace ba. Daga nan bai ƙara tambayata komai ba. Ya shiga sauke jarkokinsa ɗaya bayan ɗaya, guda goma sha biyu cike da ruwa, ya jera su a jikin katangar wani gida inda babu mai tsare masa su, ya tuɓe rigar sanyinsa ya shimfiɗa a kan jiƙaƙƙen ƙarfen kurar, sannan ya rungume ni ya ɗora ni a kai, ya gyara ƙafar yadda ba za ta yi lilo ba.

Tsakanin wurin da bakin kwalta yashi ne mai riƙe taya. Ina kwance ina kallon sama, ina jin hucinsa a kaina, kuma duk inda tayar ta faɗa gargada sai ya ce, "Sannu, Alhaji, yi haƙuri," kamar shi ne ya jawo mini ciwon. Daga shi sai 'yar singileti a cikin wannan sanyi. Da muka iso titi ya tsaya tare da ni har ya tare Keke Napep, shi da direban suka kama ni suka sa a ciki. Na lalubo ɗan kuɗin da nake fita da shi na miƙa masa, sai ya mayar da hannuna ya ce, "Alhaji, ruwa nake sayarwa, ba wannan ba." Ya ɗauki rigarsa da ta jiƙe sharkaf, ya juya kurarsa ya koma cikin hazo. Lokacin rani ne, safiya ita ce kasuwarsa, kuma na san masu jiran ruwansa ba su jira ba. A duk daren da ciwo ko tunani ya hana ni barci cikin watannin nan, wannan "sannu" ɗin tasa nake ji a kunnena.

A asibiti likitan ƙashi ya kwantar da ni rub-da-ciki ya matsa sha-raɓar dama, tafin ƙafar ya motsa da kansa, ya matsa ta hagu, ko gezau. Hoton ƙashi bai nuna komai ba, domin jijiya ba ta fitowa a cikinsa, sai sikanin ne ya nuna ta rabu biyu wajen santimita huɗu sama da ƙashin dunduniya. Ya bayyana mini cewa agara ita ce jijiya mafi kauri da ƙarfi a jikin mutum, amma daidai wannan wuri jini bai cika isa sosai ba, shi ya sa a nan ta fi tsinkewa kuma take jinkirin warkewa. Da yake na zo a ranar, kuma bakunan jijiyar suna haɗuwa idan an tanƙwara yatsu ƙasa, ya ce za a iya yi ba tare da tiyata ba. Ya ƙara da cewa da an ja ƙafar ko an murza ta, da ratar ta iya ƙaruwa. Allah ya saka wa wannan likita da ma'aikatan jinyarsa da alheri, musamman saboda haƙurin da ya yi da tambayoyina. Mako biyu na yi da siminti, daga nan aka koma takalmin jinya mai tsani a ƙarƙashin dunduniya, ana zare tsanin ɗaya-ɗaya har mako na goma, da shi nake kwana da shi nake tashi, ga allurar hana jini daskarewa a makonnin farko.

Wasu daga cikin dangi sun matsa a kai ni wurin mai ɗori, kuma na san ƙauna ce ta sa. Ba na raina masu ɗori, amma ƙashina lafiya lau yake, babu abin da za a ɗora. Yaya Babba ne ya tsaya ya kashe maganar cikin hikima ba tare da ran kowa ya ɓaci ba. Yaya, Allah ya ƙara girma.

Na san al'adarmu ba ta son a yi ta bayyana wanda ya yi alheri, kuma wasunku sun roƙe ni kada in ambace su, amma ku gafarce ni, zan kira ku da sunayen da muke kiranku. Kyaftin, jagoran masu motsa jikinmu na ranar Asabar a filin wasa na Abubakar Tafawa Balewa, shi ne ya tashi takanas ya je Kano ya nemo takalmin jinyar da muka rasa a nan, kuma har yau ya ƙi faɗa mini kuɗinsa. Sauran abokan gudu suka raba kwanaki a tsakaninsu, kowa da ranar da zai kai yara makaranta. Autanmu ya bar shagonsa a Wunti ya zama direbana zuwa gashi sau biyu a mako. Maƙwabcina kafinta ya ƙera mini kujerar banɗaki tun kafin in buɗe baki in faɗi matsalar, wadda duk wanda ya taɓa jinyar ƙafa ya san girmanta. Uwar 'ya'yana kuwa, ban san ta inda zan fara ba. Ita ce mai naɗe simintin da leda kafin wanka, mai ɗora ruwan zafi tun kafin kiran assalatu, mai tashi cikin dare ta gyara matashin da aka ɗora ƙafar a kai, kuma ita ce ta sha ɗacin bakina a ranakun da zaman wuri ɗaya ya ƙuntata mini rai. Ina neman afuwarki a gaban jama'a, Allah ya sa Aljanna ce sakamakonki.

Azumi ya same ni cikin takalmin. Malam Liman ya zo har gida ya koya mini shafa a kan ɗauri wajen alwala, ya tuna mini da hadisin Imrana ɗan Husaini, wanda Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya umarce shi da ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Baba Ladan kuma kullum sai ya ajiye mini kujerar roba a ƙarshen sahun farko kafin tarawihi, ya hana yara ɗauka. Duk da haka babu abin da na yi kewa irin sujada. Ranar da goshina ya sake taɓa ƙasa, bayan ƙaramar salla da 'yan makonni, na kasa ɗagowa da wuri saboda kuka.

Ranar da aka cire takalmin gaba ɗaya na ga sha-raɓata ta motse ta koma kamar ta yaro, na ɗauka ba za ta ƙara cikowa ba. Likitan gashi ya gargaɗe ni cewa makonnin da ke biye da cire takalmi su ne mafi hatsari, domin mutum yana jin ya warke alhali jijiyar ba ta yi ƙwari ba, kuma taku ɗaya na ganganci zai iya mayar da shi farko. Da robar ja muka fara, sai ɗage da ƙafa biyu ina dafe da tebur, sai hawa matakala, sai keken motsa jiki, har ɗingishin ya tafi.

Abokan guduna, akwai abin da ya wajaba in faɗa muku, domin jijiyar nan ta yi mini gargaɗi na ƙi ji. Kusan mako uku kafin ranar ina tashi da ciwo da ƙagewa a bayan dunduniya, in na ɗan taka ya lafa, sai in shafa man zafi in fita. A daidai lokacin na ninka tafiyata daga kilomita 5 zuwa 10 cikin 'yan makonni, da takalmin da gindinsa ya riga ya cinye, kuma a safiyar ban tsaya na ɗumama jiki ba duk da sanyin. Sannan kwana goma kafin nan na ji zazzaɓi, na yanke wa kaina hukuncin taifot ne, na sayi Ciprofloxacin na sha ba tare da gwaji ko takardar likita ba. Likita ya shaida mini cewa wannan rukunin magani yana iya raunana jijiyoyi, musamman agara, kuma tun 2008 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sa a rubuta gargaɗi mafi tsanani game da hakan a takardarsa. Raunin ya fi samun maza 'yan shekara 30 zuwa 50 masu motsa jiki don lafiya, wato irinmu, ni shekarata 44. Don Allah duk wanda dunduniyarsa ke ciwo da safe ya dakata ya je a duba shi, wanda kuma likita ya rubuta masa wannan magani ya gaya masa cewa yana gudu.

Akwai waɗanda na yi ta sauraron sallamarsu a ƙofar gida har na daina, alhali tsakaninmu bai kai tafiyar minti goma a mashin ba, kuma jini ɗaya ne. Saƙon da ya iso mini daga wajensu shi ne, dama mutum da girmansa me ya kai shi gudu a titi. Hawan jini ne ya kai ni, bisa shawarar likita. Na ɗauka uzuri ne ya riƙe su, na kuma yafe, Allah ya bar zumunci.

Ya Allah, duk wanda ya tako, da wanda ya kira, da wanda ya aiko, da wanda ya yi mini addu'a a ɓoye ban sani ba, ka saka masa da mafificin alheri. Ka tsare ƙafafunsu daga tuntuɓe, ka tabbatar da su a kan siraɗi ranar da ƙafafu ke zamewa. Ka jiƙan iyayensu, ka shirya musu zuriya, ka buɗa musu ƙofofin arziki na halal, kada ka jarrabce su da kwanciya, in kuwa ka ƙaddara musu, ka kawo musu masu tsaya musu fiye da yadda suka tsaya mini. Ya Allah, waɗanda ke kwance a asibitoci da gidaje, waɗanda ba su da mai kai su gashi ko kuɗin takalmi, ka ba su lafiya, ka sa wahalarsu ta zama kaffara. Amin ya Hayyu ya Ƙayyum.

Saura roƙo ɗaya ga mutanen Gwallameji. Tun da na fara takawa na koma layin nan sau uku da sassafe ina neman saurayin, abokan sana'arsa a bakin rijiyar burtsatse suka ce ya tafi gida noma tun faɗuwar damina, sai an yi girbi zai dawo. Dogo ne, siriri, yana da tabo a haɓa, kurarsa shuɗiya ce an ɗaure hannunta ɗaya da roba. Duk wanda ya fara ganinsa da kaka ya taimaka ya sanar da ni ta akwatin saƙo, ya kuma gaya masa cewa mutumin da ya ɗauko a kura yana tafiya da ƙafafunsa, kuma yana so ya zo ya gaishe shi.

Wassalamu alaikum.