Mako na shida: sirinjin iska mai zafi ya fara numfashi

Salamu alaikum, 'yan'uwa masu koyon gyaran tsofaffin kayan likitan haƙori. Rabona da rubutu makonni biyu ke nan, hunturu ya sa mu gaba, ni da kayan duka.

Bari in fara da ɓarnar da na yi, don kada wani ya maimaita. Sirinjin iskar nan da na sayo ta intanet daga Ingila, mai tambarin kamfanin Ash na Landan a wuyansa, ya zo da baƙi-baƙi a jikin bututun. Na ɗauka tsatsa ce, na sa masa samfefa mai laushi. Goge uku kawai sai ga jan tagulla ya leƙo. Ashe rufin nikel ne, siriri kamar ɓawon albasa, na ɗaye shi da hannuna. Tabon bai wuce ƙwayar dawa ba, amma ya tsaya mini a rai ƙwarai. Yanzu tsumman auduga da ɗigon man keken ɗinki kawai nake kai masa.

Ga waɗanda ba su taɓa riƙe irinsa ba: ƙwallon roba ne a baya, sai bututun ƙarfe mai lanƙwasa, da wani ɗan kumburi kusa da baki. Kumburin ake gasawa a kan fitilar sifirit, a matsa roba, iska ta ratsa ta fito da ɗumi. Zuga-zugin maƙeri ne aka ƙanƙanta. Da shi likita yake busar da kogon haƙori kafin ciko. Tun da Robert Arthur ya yaɗa ciko da fallen zinariya mai manne wa juna a 1855, bushewa ta zama dole, domin ɗigon yawu ɗaya yana hana fallayen kama juna. Matsalar yawun nan ce kuma ta sa Sanford Barnum na Niyok ya fito da shimfiɗar roba mai killace haƙori a 1864.

Robar asali ta ƙandare, ta tsattsage, ba ta da magani. Na cire ta a hankali, na naɗe a takarda na ajiye a akwatinta, ban yarda a jefar ba. A gurbinta na sa robar na'urar awon hawan jini, wadda ke jan iska ta baya. Daren Talata na gasa kumburin, na ɗiga ruwa a kan gilashi, na matsa. Ina kallo ɗigon ya dinga tsukewa daga gefe har ya ɓace. Na daɗe zaune ina maimaitawa.

Tsohon sirinjin allurar da nake gyarawa kuwa, har yanzu muna ja-in-ja. Gangar gilashi ce cikin gidan ƙarfe, fistonsa, wato abin da ke tura ruwa a cikin gangar, kuma na fata ne. Fatar ta bushe ta motse, idan na ja ruwa sai ya zuro ta baya. Nan na fahimci abin da ya kori wannan samfurin daga asibiti: fata ba ta jure tafasa, shi ya sa aka koma na zallar gilashi da na ƙarfe. Asalin irinsa yana komawa ga Alexander Wood na Edinbara da Charles Pravaz na Faransa, a 1853, amma bai zama abokin likitan haƙori sosai ba sai da aka sami maganin kashe zafi: koken (hodar iblis) daga 1884, sannan Novocain na Alfred Einhorn a 1905, wanda ya fi shi sauƙin haɗari.

Na kai fiston wurin wani dattijon baduku. Ya jujjuya shi, ya ce, "Yaro, wannan ai sai fatar akuya, a fere ta sosai." Ya yanko mini zobba uku. Na farko ya yi kauri, na ji gilashin yana neman ƙara, na janye nan take. Na biyu yana jiƙe a man kaɗe tun jiya.

Allurar tana nan da siririyar wayarta a ciki, wadda ake zurawa don kada ramin ya toshe. Kayan ajiya ne da nazari, ba za su taɓa jikin kowa ba.

Wanda ya taɓa sa sabuwar fata a ganga ba tare da ta fashe ba, don Allah ya gaya mini kwana nawa ya bar ta a mai. Ranar Asabar zan gwada zobe na biyu.