Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Fadamar Baba

Makon jiya na tsaya a rasuwar Baba. Da aka zo rabon gado, Baffa ya ce ba za a tsaga fadama ba, a bar wa su Yaya, mu mata a ba mu kuɗi. Na durƙusa na ce, "Baffa, Allah Ya yanka mana namu a Suratun Nisa'i, rabin na namiji. Rabin nan nake so, amma a ƙasa." Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Gonar mace tana gidan mijinta."

Alhali fadamar nan ni na san ta. Tun ina ƙarama nake bin Inna dashe, mu cire iri mai kwana 21 daga renonsa, laka har gwiwa. In shinkafa ta fara nono, ni ake aikawa korar tsuntsaye tun asuba.

Gidan miji kuwa ban tarar da gona ba, tukunya na tarar. Shekarun da na yi ina turara shinkafa ba zan ƙirga su ba. A jiƙa shanshera a ruwan zafi ta kwana, a tsame, a turara har ɓawon ya tsage, a shanya. In rana ta dake ta da yawa sai ta kakkarye a inji, in ba ta bushe ba ta yi wari. Hayaƙin itacen ne ya ci min ido har yau. Duk wahalar nan, wurin injin casa maza ne cike, sai dai in aika yaro. Abin da ya dawo da shi, shi ne nawa, ba ni da bakin cewa an rage. Mijina Malam, Allah Ya saka masa, bai taɓa hana ni sana'a ba, sai dai shi ma yana tsoron bakin mutane.

Da muka haɗa ƙungiya muka nemi rance don mu sayi injinmu, abu na farko da aka tambaya takardar gona. Mu goma sha ɗaya, babu mai ita. A nan maganar Baffa ta dawo min sabuwa.

Ɗiyata ce daga baya ta karanta min rahoton Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011, cewa da mata za su samu ƙasa da taki da rance kamar maza, da amfanin gonarsu ya ƙaru da kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari. Na yi kuka ranar.

Na yafe wa Baffa kafin ya rasu, na je har bakin shimfiɗarsa. Amma maganar nan ban manta ba, gonar mace tana gidan mijinta. Mako mai zuwa zan faɗi yadda na ari kadada ɗaya da sunan ɗana.